HIRAR TSAKAR GIDA: Tsofaffin Katun da Masu Tara Su

A wannan wata za mu ɗan kauce daga zancen zaman aure da tarbiyya da muka saba, mu yi hira a kan katun, watau zanen nan mai motsi da yaranmu suke kallo a talabijin ko a wayar uwarsu. Tsofaffin muke nufi, gajeru na minti biyar zuwa bakwai, waɗanda aka yi tun kakanninmu suna goye, yawancinsu baƙi da fari, waɗansu ma babu murya. Yanzu suna nan birjik a intanet, yara suna cin karo da su kullum. A Turai da Amurka kuwa akwai mutanen da suke bin su gwanjo gwanjo, suna zuba kuɗin da zai gina majami'a har da gidan fasto. Abin da yake shiga gidajenmu haka, mutane kuma suke rububinsa haka, ya kamata iyaye su san asalinsa.

Da fari dai, zane ba ya motsi. Ido ne ake ruɗa. Duk ɗan makarantar da ya taɓa zana mutum a kusurwar littafinsa, shafi bayan shafi, sa'an nan ya saki shafukan da babban yatsa ya ga mutumin yana tafiya, ya riga ya san asirin. Injin majigi yana nuna hoto 24 cikin daƙiƙa guda. Katun na minti 7 ke nan yana cin hoto 10,080. Ko an yi dabarar ɗaukar kowane zane sau biyu domin rage aiki, kamar yadda aka saba, sauran zane fiye da 5,000, kowanne da hannu, da fensir da tawada. Yaro ya kalla ya yi dariya ya ce a sa wani, bai san watanni nawa mutane suka yi a sunkuye ba.

Wani Bafaranshe mai suna Emile Reynaud ne ya fara nuna wa jama'a irin wannan abu a birnin Paris, ran 28 ga Oktoba 1892, shekara uku kafin a buɗe sinima ta farko a birnin. Shi da kansa yake shafa wa hotunan launi ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, ya jera su a wata doguwar ɗamara, ya tsaya bayan labule yana juya ta da hannu. Ya yi ta yi har 1900. Da sinima ta kwashe masa 'yan kallo sai baƙin ciki ya ci ƙarfinsa, ya farfasa injinsa, ya zuba yawancin aikinsa cikin kogin Seine. Ya mutu matalauci a 1918. Wasanninsa biyu ne suka tsira. A 1908 wani Bafaranshen, Emile Cohl, ya yi zane wajen 700 ya ɗauke su a fim, abin bai kai minti biyu ba, shi ne galibi ake lissafawa katun na farko.

Amma wanda ya sa wa zane rai shi ne Winsor McCay, mai zanen jarida a Amurka. A 1914 ya fito da Gertie, wata ƙatuwar dabbar zamanin dā mai dogon wuya. Zane wajen 10,000 aka yi a takarda, kuma da yake ba a fara aiki da dabarar raba dabba da filin da take tsaye ba, duwatsu da ruwan da ke bayanta ma sai da mataimakinsa ya maimaita su a kowane shafi. McCay yakan tsaya a gaban jama'a kusa da allon, da bulala a hannu, ya kira Gertie ta fito daga kogo. Ta leƙo tana noƙewa kamar amarya. Ya ce ta ɗaga ƙafa, ta ɗaga. Hankalinta ya tafi wani wuri, ya tsawata mata, sai ta fashe da kuka, har ya jefa mata abin ci ya lallashe ta. Ta sunkuya ta shanye tafki ƙaf. A ƙarshe ya zaga bayan allo, sai ga shi a cikin zanen, ta ɗauke shi suka tafi. Mutanen da suka ga wannan sun san sarai tawada ce a takarda, duk da haka suka ji tausayinta. Mu ma da muka kalla bayan shekara fiye da ɗari mun ji. Duk uwar da ta taɓa tsawata wa yaro mai ƙiriniya ta ga leɓensa ya fara rawa za ta gane Gertie.

A ganinmu daɗin tsofaffin katun daga nan yake. Duniyarsu duniyar tatsuniya ce. Ba wanda yake tambaya yaya Gizo ya yi magana da Ƙoƙi, ko yaya ya hau kura kamar doki. Haka Felix, baƙin muzurun da ya bayyana a 1919: in ya shiga uku sai ya goya hannu a baya yana kai da kawowa, sa'an nan ya cire wutsiyarsa ya mai da ita sanda ko ƙugiya, ya gama ya mayar da ita wurinta. In alamar tambaya ta fito bisa kansa, yana iya kama ta ya yi aiki da ita. Ƙarami yana kayar da babba da wayo, mai haɗama yana faɗawa ramin da ya haƙa. Tom da Jerry, waɗanda suka fara a 1940, jikokin wannan gida ne, shi ya sa ba su yi baƙunci a ƙasarmu ba. Ga shi kuma ba a bukatar Turanci. Kaka da jika suna iya zama a tabarma ɗaya su ƙyalƙyale a lokaci guda, abin da finafinan yanzu masu yawan surutu ba su cika ba mu ba.

Akwai kuma wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, wadda almakashi ne alƙalaminta. Takan yanka baƙar takarda mai kauri ta fitar da mutane da dawaki da tsuntsaye, ta haɗa gaɓoɓinsu da siririyar waya, ta shimfiɗa su bisa gilashi mai fitila a ƙasa, ta gusa su kaɗan kaɗan ana ɗauka. Ta yi gajeru da yawa, har da na tauraron Baitalami. Dogon da ta gama a 1926 daga labarun Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi, kuma shi ne dogon fim na zane mafi tsufa da ya rage a duniya.

Sai dai ba kowane mai wahala ne ya ci moriyar wahalarsa ba. Sunan da yake fitowa a kan kowane fim na Felix shi ne Pat Sullivan, mai kamfanin. Wanda yake zaune yana zanen kuwa wani mutum ne mai kunya, Otto Messmer, ɗan albashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai da ya tsufa masu bincike suka nemo shi suka ba shi girmansa, ya rasu a 1983. Matan da suke bin zane da tawada suna cika launi, su ɗaruruwa a manyan kamfanoni, albashinsu na ƙasa ne, sunayensu kuwa ba sa fitowa a allo. Masu gida da suke da 'yan aiki, da masu shago da suke da yara, su karanta Yakubu sura 5 su ga yadda Allah yake duban hakkin ma'aikaci.

To, me ya sa waɗannan abubuwa suka yi tsada yau? Domin yawancinsu sun hallaka. Har wajen 1950 zaren fim na sinima da wani sinadari ake yinsa, naitiret, ɗan'uwan albarushi. In ya kama wuta ko a cikin ruwa ci yake yi. In bai ƙone ba, zafi da laima su sa ya yi danƙo, ya manne, daga baya ya zama gari. A Yuli 1937 ma'ajiyar kamfanin Fox a jihar New Jersey ta kama wuta cikin tsananin zafi, yawancin finafinan kamfanin na zamanin rashin murya suka tafi a dare guda. Babban laburaren majalisar Amurka ya ba da rahoto a 2013 cewa kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan ƙasar marasa murya sun ɓace sam. In haka ta sami manya, ina gajerun katun, waɗanda ake sa wa kafin babban fim domin a ɗebe wa mutane kewa? Kamfanonin ba su ɗauke su abin ajiya ba. Zanen kansa a kan wata takardar roba mai garai garai ake yinsa, masu sana'ar suna ce mata sel. In an gama ɗauka sai a wanke ta a sake zana wani, gama robar ta fi zanen daraja a wurinsu. Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. A 1989 an sayar da guda ɗaya da ta tsira daga wani katun na 1934, mai hoton agwagwar nan Donald, a kan dala fiye da 280,000.

Labarin da ya fi ba mu sha'awa shi ne na wani zomo mai suna Oswald. Walt Disney da abokinsa Ub Iwerks suka ƙago shi a 1927, kafin ɓeran nan Mickey. A 1928 Disney ya je New York neman ƙarin kuɗi, sai ya tarar zomon ba nasa ba ne a takarda, na kamfanin Universal ne, kuma an riga an janye yawancin masu zanensa. Ya dawo hannu rabbana. Shi da Iwerks suka rage kunnuwa suka ja wutsiya, Mickey ya fito, aka nuna shi da sauti ran 18 ga Nuwamba 1928. Zomon kuwa sai a 2006 ya koma gida, ta wata hanya mai ban dariya: kamfanin Disney ya saki wani mai sharhin wasanni, Al Michaels, ya koma ɗaya kamfanin, aka ba su zomo a madadinsa. Da suka duba sai suka ga da yawa daga finafinansa 26 babu su a hannun kowa. Aka shiga cigiya.

A 2011 aka tsinci ɗaya a wata ma'ajiyar finafinai a karkarar Ingila, aka yi gwanjonsa dala 31,250. A 2014 ma'aikatan laburaren ƙasar Norway, can arewa inda rana takan yi wuyar gani da hunturu, suna bin kayansu ɗaya ɗaya, suka tarar da nadi biyu da ba a rubuta musu suna sosai ba. Ashe katun ɗin Kirsimati na farko ne da Disney ya yi, na 1927, inda zomon ya kai wa marayu kyauta. Kafin ranar daƙiƙa 25 kaɗai aka sani sun rage. A 2015 wani ya fito a Landan. Na 2018 ya fi duka. Wani dattijo a Japan, Yasushi Watanabe, mai binciken tarihin zane, yana da shekara 84, ya karanta littafi a kan finafinan zomon da suka ɓace, sai ya tuna da wani ɗan nadi da ya saya a kasuwar kayan wasa ta Osaka yana ɗan sakandare, a kan yen 500. Shekara wajen 70 yana ajiye da shi. Minti biyu ne daga cikin fim ɗin da duniya ta fid da rai da shi. Mai karanta Luka sura 15 ba zai rasa tuna matar nan da ta kunna fitila ta share ɗaki saboda tsaba guda ba, da yadda ta kira maƙwabta.

Ku lura da wanda ya cece su. Tun daga 1922 da 1923 aka fara sayar da ƙananan injunan majigi na gida, da gajerun finafinai a siririn zare wanda ba ya cin wuta kamar na sinima. Uba ya saya wa 'ya'yansa, 'ya'yan su girma, nadin ya shige akwati. Manyan kamfanoni sun ƙona nasu ko sun bar su sun ruɓe, na akwatin talaka ya rage. Finafinan McCay ma, bayan rasuwarsa a 1934, waɗansu samari biyu masu koyon zane ne suka tarar da gwangwanayen a 1947 sun fara lalacewa, suka ceci abin da ya cetu. Ba domin su ba da wataƙila ba mu ga hawayen Gertie ba.

A nan wani ɗan'uwa zai ce, ashe Ubangijinmu bai yi mana gargaɗi a Matta sura 6 a kan tara dukiyar da take lalacewa ba? Ya yi, kuma da wuya a sami misalin da ya fi zaren fim, dukiyar da take cin kanta a cikin gwangwani ko ɓarawo bai zo ba. Mutumin da ya ba da dala dubu ɗari biyu domin robar da zai kulle a ɗaki, ba mai gani sai shi, yana jira ta ƙara tsada, ba mu ga bambancinsa da mai rumbunan nan na Luka sura 12 ba. Amma Ubangijin nan ne kuma, bayan ya ciyar da dubu biyar, ya sa almajirai su tattara ragowar har kwando 12, kamar yadda Yohanna sura 6 ta faɗa. Mai ajiya domin na baya su gani daban yake da mai ɓoyewa. Dattijon Japan bai kai nasa gwanjo ba, yana wata ma'ajiyar finafinai a birnin Kobe. Mu dai ba mu ga laifi ga Kirista ya so tsohon abu mai kyau ya adana shi ba, in bai hana 'ya'yansa kuɗin makaranta ba, bai kuma hana baikonsa ba. In sha'awar ta kai mutum ga yi wa matarsa ƙarya a kan nawa ya saya, to ta zama wani abu dabam.

Yanzu ga abin da muke roƙon iyaye su riƙe da kyau. Tsufan katun ba shi ne tsabtarsa ba. Ba domin yara aka yi su ba tun asali, domin 'yan sinima ne, manya da ƙanana. Akwai shan giya da taba a ciki, akwai rawar da ba ta dace ba, musamman kafin 1934 da aka tsananta dokar tace finafinai a Amurka. Wanda ya fi mana ciwo kuwa shi ne yadda da yawa suka zana baƙar fata: leɓe kamar faranti, ƙashi a gashi, tukunya a wuta ana shirin dafa baƙo. Mickey kansa yana da irin wannan, na 1932, inda aka kai shi Afirka. A Tom da Jerry na farko akwai wata baƙar mace mai aikin gida wadda kusan ba a nuna fuskarta, sai ƙafafu da tsintsiya da faɗa. A 1968 aka janye katun 11 na kamfanin Warner daga talabijin a Amurka saboda wannan, amma intanet ba ta san janyewa ba. Yaro ɗan shekara shida a Jos ko Maraɗi yana iya kallonsu shi kaɗai, yana dariya, bai san shi ake yi wa ba. Daga baya ya dubi madubi.

Ba mu ce a ƙone su ba. A ajiye su, shaida ce a kan yadda mutane masu zuwa sujada ran Lahadi suka iya raina waɗanda aka halitta cikin kamannin Allah, suna ganin wasa ne. Amma uwa ko uba su fara kallo kafin su miƙa waya. In kun ci karo da irinsa tare da yaran da suka yi wayo, ku tsayar, ku tambaye su abin da suka gani, ku buɗe Farawa sura 1 tare. Minti bakwai ne, bai kai dahuwar shinkafa ba.

Kada kuma yara su tashi da zaton sai Bature ke iya sa zane ya yi tafiya. Mustafa Alasan na Nijar, wanda aka haifa a 1942, tun yana yaro yake yanka kwali yana nuna wa 'yan garinsu inuwa da fitila. Ya koyi aikin fim a Yamai, ya je Kanada ya ƙaro sani. A 1966 ya yi katun na minti biyar a kan Sim, shugaban ƙasar kwaɗi, wanda ya tafi ziyarar wata ƙasa da faretin soja da jawabai da dukan ƙasaitar da muka sani. Kowa ya gane inda aka dosa. Ya zauna a Tawa shekaru da yawa yana aikinsa, ya rasu a 2015. Yaran da suka haddace sunayen dukan katun na Amurka, nawa ne cikinsu suka taɓa jin nasa?

Wannan ya kawo mu ga ɗakunan ajiyarmu. Kalmar majigi ma daga sunan fitilar nan ta nuna hotuna ta samo asali, irin wadda 'yan mishan da ma'aikatan gwamnati suke yawo da ita ƙauye ƙauye. A majami'u da makarantun Littafi Mai Tsarki da asibitocin mishan da yawa akwai kabad da ba a buɗewa, cike da ƙananan hotunan majigi, da nadin fim, da kaset na wa'azin dattawan da suka riga mu, da hotunan baftisma ta farko a rafi, da littattafan waƙa na bugun fari. Gara tana ci, laimar damina tana ci, zafin bazara yana ci, wani lokaci kuma sabon ma'aji ne yake sharar ɗaki ya cinna musu wuta. Ba wanda zai ba da dala ko ɗaya a kansu, amma ba su da na biyu a duniya.

In kun buɗe gwangwanin fim kuka ji tsami yana tashi mai kama hanci, ya fara lalacewa, ku raba shi da sauran, gama yana harbin na kusa da shi. Kada ku sa shi a tsohon inji domin ku gani, yana iya tsinkewa. In zaren mai faɗi ne irin na sinima, kuma ya girmi 1950, ku nisanta shi da wuta da ɗakin kwana. Ku ɗaga kaya daga ƙasa, ku sa su ɗakin da ya fi sanyi da bushewa, ban da ƙarƙashin kwano. Hotuna kuwa, ku kai wa tsofaffin ikkilisiya tun suna da rai su faɗi sunayen waɗanda ke ciki da shekara, a rubuta a baya da fensir, gama biro yana huda takarda. Matasa masu waya su ɗauki hoton kowanne, a ajiye a wuri fiye da ɗaya. Zumuntar mata ko ta matasa tana iya gama wannan a Asabar biyu.

Wanda ya tarar da wani abu a kabad ɗin majami'arsu ya rubuto wa Edita, ya faɗi abin da yake da garin da yake. Za mu buga waɗanda suka iso a wannan fili.